Yadda Na Ɓata Tarihin Duniya Saboda Jan Biro

Litinin, da hantsi

Gwiwar hagu ta ƙi, ta dama tana lallaɓawa. Ƙirji kuwa ba sai an faɗa ba. Na sha shayi, na haɗiye farar ƙwaya da rabin ja, na wanke kofi da cokali na kife.

An dawo da Jan Biro daga asibiti tun wancan makon, sai jiya na samu na lallaɓa na je. Sun sa masa gado a falo, inda teburin littattafansa yake a da. Ba zan rubuta yadda na same shi ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da tarihi a ajin da ke jikin nawa, ina zana koguna a allo ina jiyo shi ta bango yana yi wa yara tsawa a kan shekarun yaƙe-yaƙe, wai shi ne na zauna gabansa har shayina ya huce bai gyara mini kalma ɗaya ba.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ke jinya. Ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta baro miji da yara. Ta ce, "Baba Taswira, ka yi masa magana, likita ya ce yana ji." Na ce masa sannu. Na jira. Na sake cewa sannu. Tun da yaran makaranta suka laƙa mana sunayen nan, shi Jan Biro ni Taswira, ban tuna ranar da muka haɗu muka rabu ba a yi gardama ba. Jiya mun rabu lafiya lau. Allah ya kiyaye irin wannan zaman lafiya.

Talata, da la'asar

Auta ta raka ni bakin ƙofa, ta rage murya. Yayanta Injiniya ya kira. Ƙarshen wata zai zo da mota ya ɗauke mahaifinsu zuwa garin da yake aiki, a rufe gidan nan. Wai ya ce, "Tunda ba ya magana, mu ne bakinsa."

Garin Injiniya tafiyar yini guda ce a mota. Ni na koyar da hanyar, na san kowace gada da ke kanta. Na kuma san abin da likitana ya ce game da doguwar tafiya.

Na ɗauki sandata na fito. Ba gidana ba ne. Na huta a bencin mai facin taya da ke tsakanin gidajenmu, ya tambaye ni jikin Malam, na ce da sauƙi.

Laraba, da azahar

Ban fita ba.

Alhamis, bayan la'asar

Yau na gano bakin zaren.

Mijin Auta ya zo dubiya. Mutumin kirki ne, amma kansa ba ya riƙe komai sai lambobin mota. An kunna talabijin ana nuna 'yan sama jannati, sai ya ce, "Ai a saba'in da biyar suka fara zuwa wata." Ina kallon Jan Biro lokacin. Girarsa ta hagu ta ɗaga.

Na san girar nan. Ta kori sufeto daga aji, ta sa hedimasta ya sake rubuta jawabinsa. Na gyara zama na ce da ƙarfi, "Haba, ai tamanin da biyu ne, ina nan lokacin." Yatsun hannunsa na hagu suka kama zanin gado suka murɗe.

Ashe abin da ya rasa ke nan! Kowa ya shigo sai ya lanƙwasa murya kamar mai lallashin jinjiri: Baba sannu, Baba ka ci, Baba Allah ya ƙara sauƙi. Duk gaskiya suke faɗa masa, to me zai ce? Mutumin nan bai taɓa buɗe baki don ya yarda da wani ba. In ana so ya yi magana, sai an yi kuskure a gabansa.

Kuskure kuwa, shi da kansa ya sha cewa baiwata ce.

In ya yi magana kafin ƙarshen wata, ba mai zama bakinsa. Na wuce bencin mai faci ban zauna ba, har ya kira ni ya tambaya ko lafiya.

Juma'a, da hantsi

Gwiwoyi biyu sun amsa kira. An fara yaƙi.

Na ja kujera kusa da kunnensa na ce, "Malam, na gano asalin dalar Masar. Ba kabari aka yi niyya ba, gidan bene ne mai kusurwa huɗu. Sarki ya ba ƙanin matarsa kwangila, shi kuma yana da nasa ginin a ƙauye. Duk layin da aka ɗora sai ya karkatar da 'yan duwatsu. Layin sama ya ɗan gaza na ƙasa, wa zai lura? Haka, haka, har aka wayi gari dutse ɗaya ne a can ƙoli, ba wurin ɗora na biyu. Sarki ya zo duba aiki, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, ya ce, ina tagogi? Ƙanin mata ya ce, ranka ya daɗe, ai wannan ne sabon yayi, ruwan sama ba ya kwanciya a kai. A ƙasar da ruwan sama sai an yi sa'a! Sarki ya ji kunyar a ce bai san yayi ba, ya ce a ƙara masa biyu."

Gira ta ɗaga tun daga ƙanin mata. Da na kai kan a ƙara biyu, ya juyo da ido ya dube ni, irin kallon da yake yi wa yaron da ya kwafi jarrabawa har da sunan wanda ya kwafa.

Auta ta leƙo daga kicin ta ce, "Baba Taswira, da gaske haka aka yi?" Na ce, "Tambayi mahaifinki, shi ne masani." Numfashinsa ya fita da ƙarfi ta hanci. Na ƙirga wannan a matsayin nasara.

Lahadi, da yamma

Ganuwar Sin. Na gaya masa akuya ce ta jawo ta. Wani manomi ya yi katanga don akuyar maƙwabci ta daina ci masa kabeji. Akuya ta zagaya ta ƙarshen katanga. Ya ƙara tsawo, ta zagaya. Ya mutu ya bar wa 'ya'yansa wasiyya, su ma suka bar wa nasu, hukuma ta shigo, aka kawo sojoji, aka hau duwatsu aka gangara, sai da gini ya taɓa teku. Ranar da aka sa dutsen ƙarshe aka waiwaya, ashe akuyar tana ciki, an gine ta tare da kabejin.

Auta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa da ludayi a hannu. Ta ce rabonta da dariya tun ranar Larabar da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye. Shi kuwa wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, kamar ana jan tsohuwar durowa. Ba kalma ba ce, amma na san farkon wace kalma ce.

Talata, da hantsi

Na ce masa Yaƙin Duniya na Biyu ya riga na Ɗaya, akawu ne ya yi kuskure wajen sa lamba. Ya jefe ni da cokali. Da hannun hagu, kuma ya same ni.

Laraba, da la'asar

Na tsaya kantin takardu na sayi jan biro. Na rubuta labarin mashigin Suwez a takarda da baƙi, yadda wata mata ta yar da ɗan kunnenta a rairayi, mijinta ya rantse ba zai dawo gida ba sai ya samo, ya yi ta haƙa har tekuna biyu suka gaisa, alhali ɗan kunnen yana maƙale a ɗankwalinta. Na ɗora takardar a kan faranti, na sa masa biron a hannun hagu, na matse yatsunsa a kai.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, har takarda ta yage. Ya huta. Ya koma ƙasa ya zana wani abu mai kama da ƙwai da aka taka. Sifili.

Ban taɓa murnar samun sifili haka ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, na nuna wa mai faci. Ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai ka faɗi, kuma kake washe baki?" Na ce ai faɗuwar nan ta fi cin wasu.

Ƙirji ya ɗan yi surutu a hanya. Na ce masa ba yanzu ba, ina da aiki.

Juma'a, da azahar

YA YI MAGANA.

Bari in rubuta a tsanake. Na zaɓi taron da Turawa suka zauna suka raba Afirka, don a nan fagena da nasa suka haɗu, kuma ya fi tsanar in sa baki a kai. Na ce rula ɗaya ce tak a ɗakin, ana karɓa-karɓa. Inda ka ga iyaka ta miƙe sak, mai zanen yana riƙe da rula. Inda ta fara lanƙwasa, an karɓe. Inda ta yi tsalle, atishawa ya yi. Akwai wani tafki ma, shayi ne ya zube a kan taswira, aka tura mutane su je su haƙa don kar a ce Turawa sun yi kuskure. Na ga ya cika ya batse amma bai fashe ba, sai na ƙara da cewa ni ganau ne, don an nuna taron kai tsaye a talabijin.

Leɓensa ya yi ta kokawa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Auta ta taso za ta ba shi ruwa, na ɗaga mata hannu.

"Ƙar... ya."

Ta saki kofin. Na ce, "Me ka ce, Malam? Kunnena ya tsufa." Ya ce, "Ƙarya!" Wannan karon har da yawu.

Auta tana kuka tana dariya tana cewa, "Baba, sake faɗa, don Allah sake zaginsa." Ni kuwa na miƙe tsaye ba tare da sanda ba, na sara masa kamar soja. An kira ni maƙaryaci sau da yawa a duniya, amma yau ne aka ba ni lambar girma.

Asabar, da safe

Ƙarya, ƙarya, ƙarya. Na tashi da ita a bakina kamar waƙa. Har na soya ƙwai biyu.

Litinin, da almuru

Na yi ɓarna.

Nasara ta hau mini kai, ban zauna na auna labarin yau ba. Na ɗauko hasumiyar nan ta Italiya da ta karkace. Na ce maginin ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, shi a idonsa gini a miƙe yake. Ina ta zuba, na ce ɓangare ɗaya ya saki, ɗayan ne ke ɗauke da shi, mutane suna zuwa daga nesa su tsaya suna kallo suna cewa wayyo.

Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa.

Bai ce ƙarya ba. Ya juya fuska bango. Auta ta ɗauko sandata ta miƙa mini ta ce, "Baba Taswira, ka je ka huta kwana biyu." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Talata, da azahar

Ban fita ba.

Laraba, da azahar

Ban fita ba. Agogon bango ya tsaya, na bar shi.

Alhamis, da yamma

Mai faci ya ga bai gan ni ba ya leƙo. Ya ɗauke ni a babur ya kai ni wani wuri, mun dawo. Ba wani abu ba ne. An ƙara mini ƙwaya mai ruwan ɗorawa, an kuma yi mini wa'azi a kan hawa da sauka. Yaron likitan nan in ya ga dama ya zo ya ɗauke gidan Jan Biro ya kawo mini ƙofar ɗaki.

Ƙarshen wata yana matsowa. Kalma ɗaya muke da ita, ita ma na zubar.

Asabar, da hantsi

Auta ta zo da kanta. Ba ta taɓa shiga ɗakina ba. Ta tsaya tana kallon kofi ɗaya a kife, kujera ɗaya, hoton marigayiya a bango. Na ba ta kujerar na zauna bakin gado.

Ta ce, "Ya ƙi cin abinci. Jiya ya jefi ƙofa da biro. Yau na ba shi takarda ya rubuta wannan." Ta miƙo mini. Harafin T ne, ya kwanta kamar ya sha duka.

Na fara neman takalmi, ta ce in dakata. "Baba, zan faɗa maka gaskiya, kar ka ji haushi. Kai kana zuwa ka yi awa guda, ku yi faɗanku, ka ɗauki sanda ka tafi. Ni ce mai juya shi, ni ce mai wanki. Hutuna ya kusa ƙarewa. 'Yata ta kira ni tana tambaya ko na sake gida ne. Da Yaya ya ce zai ɗauke shi, wallahi sai da na ji sanyi a raina, sannan na ji kunyar jin sanyin."

Na ce ba abin kunya. Kuma gaskiya ne, babu.

Ta ce, "Na san don wa kake wannan yaƙin, Baba. Ba don shi kaɗai ba ne." Na duba agogon da ya tsaya.

Ga abin da muka yanke. Za ta tambaye shi da kanta inda yake so ya zauna. In ya faɗa da bakinsa, ko ma ina ne, za ta tsaya a kai, ta nemo mai jinya na safe, ita ta riƙa zuwa da yamma. In ya ce garin Injiniya, ni ma in yi shiru. Na ce na yarda. Ban taɓa kawo wa raina cewa zai iya zaɓar can ba sai da ta faɗa. Can akwai jikoki, akwai manyan likitoci. Nan akwai ni.

Asabar ɗin dai, da la'asar

Na je. Na shirya ban haƙuri tun daga gida, mai kyau, har da karin magana. Ina zama ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya yi ta tattaro kalmomi kamar mai tsintar shinkafa a ƙasa.

"Hasu... miya."

Na ce, "Malam, a bar maganar nan."

Ya buga katifa. "Har yau... tana... tsaye."

Kalma huɗu, in an haɗa da hasumiya biyar! Kuma gyara ne, ba lallashi ba: na ba da labari na bar muhimmin abu, malamin tarihi ya cike. Na ce, "To ai dama ban gama ba ka juya mini ƙeya." Ya ce, "Ƙarya." Ya ci ayaba guda da rabin burodi ina zaune.

Litinin, da hantsi

Gwiwar hagu ta nemi sulhu, na amince. Ƙirji yana nan da halinsa.

Na koma kan wata, inda muka faro. Na ce matar shugaban aikin ce ta aiki 'yan sama jannatin, suna sauka suka manta abin da aka aike su. Shi ya sa ake ganinsu suna 'yan tsalle-tsalle, ko Allah zai sa su tuna. Da abin ya gagara suka ɗebo duwatsu don kar su dawo hannu rabbana. Na rufe da cewa duk wannan a tamanin da biyu ne.

"Sittin," in ji shi. Ya huta. "Da tara." Ya sake hutawa. "Jahili."

A takardar yau ya ba ni ɗaya bisa goma. Na ce na mene ne ɗayan? Ya nuna rubutuna. Ko a da ya yarda hannuna ya fi nasa kyau, abin da kawai ya taɓa yarda da shi ke nan.

Laraba, da la'asar

Yau aka yi tambayar.

Auta ta gyara masa matashi, ta durƙusa gaban gado. Ta ce, "Baba, Yaya zai zo ranar Asabar. Yana so ka koma wurinsa. Akwai ɗaki, akwai likitoci, ga yara. Ko kuma ka zauna nan, in samo mai kula da kai. Ba wanda zai ji haushi. Kai za ka faɗa."

Na ga akwai wata tsaga a silin da ta yi kama da wani kogi da na sani, na dage ina bin ta daga mafari zuwa teku. Na ji yana jan numfashi, ya saki, ya sake ja.

"Nan."

Auta ta ce, "Ka tabbata, Baba?"

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ni. "Wa zai... gyara... wannan?"

Ban san me ya shiga idona ba, gidan nan Auta ba ta share shi da kyau. Na fita na bar sandata, sai da ta biyo ni da ita. Na gaya wa mai faci, ya buga ƙarfen taya da guduma kamar ƙararrawar makaranta, har mai kantin takardu ya fito yana tambaya wa ya haihu.

Alhamis, da yamma

Auta ta ce Injiniya ba zai yarda da saƙo ba, zai ce ita ta tsara. Sai ya ji da kunnensa. Don haka muka shiga atisaye. Jan Biro da kansa ya zaɓi jimlar, ya ƙi duk gajerun da na kawo: "Na gode, ɗana, amma ba inda za ni."

Ni ne Injiniya. Na ɗora tabarau a goshi, na ari makullan Auta ina kaɗawa, na shigo da sauri ina duba agogo ina cewa, "Baba, a shirya, a shirya, akwai cunkoso a hanya." Auta ta ce, "Wallahi har tafiyar!" Shi kuwa yakan kai "ɗana" lafiya, sai ya maƙale a "amma". Na ce a cire amma. Ya harare ni. Ya ce, "Nahawu."

Mun yi ta yi har ya gaji. Sau ɗaya ta fita duka, ko da yake ta fita tana ɗingishi kamar ni.

Ya tambayi Auta, da hannu da rabin kalma, ko akwai irin biskit ɗin da Injiniya yake so yana yaro. Ta ce, "Baba, mutumin da za ka kora kake saya wa biskit?" Ya rufe ido. Ta ɗauki jaka ta fita nema.

Juma'a, da azahar

Mai aski ya zo. An goge farar rigarsa. An aro kujera mai taya. Mai jinyar da Auta ta samo ya zo ya ga gida, ƙato ne mai sanyin murya, ya ce shi ba ya son tarihi tun yana makaranta. Na ce madalla, ka samu aiki, shi ma ya samu.

Na ga kishi yana so ya taɓa ni, wai Jan Biro har yana da wanda zai taso da mota takanas don ya ɗauke shi da ƙarfi. Na kore shi. Gobe ranar yaƙi ce, ba a shiga fage da irin wannan kaya.

Asabar, da almuru

Tun da hantsi muka ajiye shi a bakin ƙofa yana fuskantar titi, biskit a faranti kusa da shi. Na zauna a damansa kamar waziri. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe wuya, leɓensa ya fara motsi.

Da azahar Auta ta kira Injiniya. Taro ya riƙe shi, gobe da sassafe zai kamo hanya. Ta ce, "Yaya, ga Baba, yana da magana da kai." Ya ce ta bari sai ya zo, yanzu yana cikin mutane. Jan Biro ya riga ya buɗe baki.

Na ce masa kar ya damu, ai haka aka yi da wata runduna a zamanin da, ta taso cin wani birni ta tsaya a hanya gyaran takalmi. Ban ƙarasa ba, don na ga ba ya saurare. Bai yarda an cire masa farar rigar ba sai da Auta ta yi alkawarin sake goge ta.

Lahadi, da almuru

Gwiwoyi sun yi abin da za su iya. Ƙirji ba sai an faɗa ba.

Mun ci yaƙi, wannan ba mai ja. Gado yana falo, mai jinya zai fara gobe, daga nan Auta za ta koma kwana gidanta. Da la'asar saƙo ya shigo wayarta, ta karanta ta kife ta a cinya. Ta ce, "Baba, Yaya ya ce tunda ka samu sauƙi, yadda kuka tsara ya yi. Zai leƙo in aiki ya lafa." Jan Biro ya gyaɗa kai. Ya ce a bar shi a ƙofa tukuna.

Muka zauna har mai faci ya fara shigar da tayoyinsa. Na ci biskit biyu don kar a ce an yi asara. Na gaya masa gobe zan kawo yadda aka ƙirƙiro jirgin ƙasa don wani sarki mai tsoron doki, ya shirya bironsa. Ya ce, "Sifili," tun bai ji ba.

Na miƙe, na dafa sanda. Sai na ji ya gyara murya. Ba ni yake kallo ba, titi yake kallo.

"Na gode, ɗana, amma ba inda za ni."

Ba ɗingishi, ba hutu, amma ɗin ma ta fita garau. Ko a aji ban taɓa jin ya faɗi jimla da kyau haka ba. Ni da Auta muka ji.

Injiniya bai zo ba.